Allon Sunaye a Bangon Coci

Yau ba maganar yaye ko kuɗin makaranta za mu yi ba. Ƙasar Jamus zan kai ki, shekara ɗari biyu da 'yan kai baya, mu tsaya gaban wani allo. Ki daure ki biyo ni, don komai nisan wurin, zancen uwa ce da ɗanta.

Idan kika shiga tsofaffin coci-coci na ƙauyukan da ke kewaye da Berlin, da sauran yankunan da a da suke ƙarƙashin daular Furusiya, sau da yawa za ki tarar da allo rataye a bango. Galibi na katako ne da aka yi wa fenti, wasu kuma na zubin baƙin ƙarfe. A samansa akwai zanen wata lambar yabo mai siffar gicciye. Ƙarƙashinta an rubuta cewa daga cikin jama'ar wannan coci ga waɗanda suka mutu saboda sarki da ƙasar haihuwa. Sai sunaye su biyo. Wani ƙauyen mutum uku, wani goma sha wani abu. Wani allon suna kawai za ki gani, wani kuma an ƙara rundunar da mamacin yake da garin da ya faɗi. Shekarun dai ba su canzawa: 1813 zuwa 1815.

Don ki gane zamanin, lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye, sai 1817 ya rasu.

A idonmu na yau ba wani abin mamaki ba ne a rubuta sunan sojan da ya mutu. A wancan zamani kuwa sabon abu ne fil. Kafin nan, a Turai sarakuna da manyan janar-janar ake yi wa gunki, su ake sassaƙa sunansu a dutse. Kurtu, ɗan manomi ko ɗan maƙeri, idan ya faɗi a fagen fama sai a tuɓe masa takalmi da riga, a tura shi rami ɗaya da ɗaruruwan irinsa, wani lokaci har da dawakai, a mayar da ƙasa. A takardar da ake aika wa sarki ba shi da suna. Adadi ne shi.

To me ya sa sarkin Furusiya, Friedrich Wilhelm na Uku, ya tuna da ɗan talaka? Ni dai ban ɗauka tausayi ne kaɗai ba.

A ranar 14 ga Oktoba 1806 Napoliyon na Faransa ya ragargaza sojojin Furusiya a Jena da Auerstedt. A sulhun da aka yi a Tilsit a 1807, Furusiya ta rasa kusan rabin ƙasarta. Ta zama 'yar amshin shata, har a 1812 aka tilasta mata ba da sojoji kimanin 20,000 su raka Napoliyon yaƙin Rasha. Da sanyi da yunwa da cuta suka cinye rundunar Napoliyon a can, sai Furusiya ta ga dama ta samu, ta juya masa baya. Amma yaƙi da Napoliyon ba na sojan haya ba ne. Ana buƙatar kowa. A watan Maris 1813 aka kafa rundunar tsaron ƙasa da ta haɗa maza daga shekara 17 zuwa 40. Ki dubi ɗanki da ke shirin rubuta jarrabawar gama sakandare. Shi ne ɗan shekara 17.

Wanda zai karɓi 'ya'yan mutane haka, dole ya ba su wani abu. A wannan watan na Maris sarki ya ƙirƙiro lambar Gicciyen Baƙin Ƙarfe, wadda kurtu ma zai iya samu kamar yadda janar zai samu, ya kuma sa mata kwanan watan 10 ga Maris, ranar haihuwar matarsa Sarauniya Luise da ta rasu a 1810. Ranar 2 ga Mayu aka gwabza a Grossgörschen, Napoliyon ya yi rinjaye, gawawwaki suka yi yawa. Kwana uku bayan haka, ranar 5 ga Mayu 1813, sarki ya sa hannu a kan dokar allunan. Kowace coci za ta rataye allo da sunayen duk 'ya'yanta da suka faɗi. Waɗanda suka sami lambar yabo, ko suka cancance ta, su ne a sama. Kuɗin yin allon kuma jama'ar cocin ne za su biya.

Kin ji ko? Ku ba da yaran, ku kuma sayi katakon.

Duk da haka ba na son mu raina abin, kuma ga dalilina. Ki tuna yadda rasuwa take a gidajenmu. Ana ganin gawa, a yi mata sutura, maza su kai ta makwanci su dawo su ce an rufe lafiya. A yi zaman makoki, mata su shigo su yi gaisuwa, matar mamaci ta shiga takaba ta san ranar da za ta fita. Duk ɗacin abin, akwai ranar da aka ce yau ne. Matar ƙauye a Jamus ta 1813 ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ɗanta ya bi hanya da ƙafa, shi ke nan. A lokacin soja ba ya rataya ɗan ƙarfen shaida a wuya, sai wajen 1870 sojojin Furusiya suka fara amfani da shi a yaƙi. Labari yakan zo ne ta bakin wani ɗan ƙauyen da ya dawo da ƙafa ɗaya, ko ta takardar da ta iso hannun limamin coci bayan wata da watanni. Wasu iyayen ba su ji komai ba har suka koma ga Mahaliccinsu. Akwai matan da suka shekara da shekaru ba su san ko su masu aure ba ne ko zawarawa.

Kuma ba ƙaramar mutuwa aka yi ba. A Leipzig, daga 16 zuwa 19 ga Oktoba 1813, sojoji fiye da rabin miliyan suka haɗu, kusan 100,000 suka mutu ko suka jikkata cikin kwana huɗu, a gefen garin da mutanensa ba su kai 40,000 ba. Coci-cocin garin suka koma asibiti. Bayan harsashi sai annobar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ta shigo, ta kwashi majinyata da masu jinyarsu da mutanen gari. Wa zai tsaya tantance gawa a irin wannan hali?

Saboda haka allon nan shi ne kabarin. Ba shi da gawa, amma yana da wuri. Akasarin allunan bayan an gama yaƙi aka rataye su, kuma ranar 4 ga Yuli 1816 aka yi taron addu'a ga mamatan a coci-cocin ƙasar baki ɗaya. A shekarar ne kuma sarki ya keɓe Lahadin ƙarshe ta shekarar coci, wadda ke faɗowa a ƙarshen Nuwamba, don tunawa da matattu, har yau Kiristocin Jamus mabiya ɗarikar Furotesta suna kiyaye ta. Ki ƙaddara tsohuwar da ba ta iya karatu sosai ba, amma ta haddace layi na nawa ne sunan ɗanta. Duk Lahadi tana zaune tana kallon wurin. Maƙwabta sun sani, yaran ƙauye sun sani. Ba wanda zai ce yaron gudu ya yi, ko yana can wata ƙasa ya manta da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da wace niyya sarki ya yi shi.

Akwai ma wata al'ada da ta biyo baya. Duk wanda ya yi yaƙin an ba shi lambar tagulla da aka narka daga igwogin da aka ƙwace wa Faransawa. Idan tsohon soja ya rasu, sai a kai lambarsa coci a ajiye. Shi ya sa a wasu ƙauyukan za ki ga 'yan lambobi jere kusa da allon. Waɗanda suka mutu suna samari suna sama a rubuce, abokansu da suka tsufa suna zuwa suna samunsu ɗaya bayan ɗaya.

Idan kina son ki san darajar wannan katako, ki ji abin da ya sami gawawwakin kansu. A Waterloo, cikin Beljiyam ta yau, ranar 18 ga Yuni 1815 aka yi karon ƙarshe da Napoliyon. Fiye da mutum 40,000 suka mutu ko suka ji rauni a wuni ɗaya. Amma masu tonon kayan tarihi da suka bi filin a zamaninmu cikakkun ƙwarangwal biyu kacal suka tono, ɗaya a 2012, ɗaya a 2022. Ina sauran? A 2022 wasu masana tarihi uku, Bernard Wilkin da Robin Schäfer da Tony Pollard, suka fito da hujjoji daga tsofaffin takardun hukumomin yankin cewa tun daga wajen 1834 mutane suka riƙa tone ramukan suna sayar da ƙasusuwan. Masana'antun sukari ne manyan masu saye, don ana ƙona ƙashi ya zama gawayin da ake tace sukari da shi ya yi fari. Ki gafarce ni idan kina shan shayi. Ɗan da aka yi wa goyo, aka yi wa tawai, ƙarshensa buhu a kan amalanke. Abin da ya rage nasa a duniya sunan nan ne a bango, in ya yi sa'ar kasancewa daga ƙasar da ake rubutawa.

Na ce in ya yi sa'a, domin Ingila, wadda ta yi yaƙin tare da Furusiya a Waterloo, ba ta yi irin wannan doka ba. Coci-cocin Ingila cike suke da allunan marmara na waɗannan yaƙe-yaƙe, masu kyau, da dogon rubutu na yabo. Sai dai iyalin mamaci ne ke biya, kuma iyalin da ke da kuɗin marmara su ne masu kuɗin saya wa ɗansu muƙamin hafsa tun farko, don a lokacin da kuɗi ake sayen muƙami a sojan Ingila, sai 1871 aka hana. A babbar cocin St Paul da ke Landan majalisar dokoki ce ta biya kuɗin gumakan manyan hafsoshi. Cikinsu har da Janar Thomas Picton da aka kashe a Waterloo, mutumin da kotu ta kama da laifi a 1806 kan ba da izinin azabtar da wata yarinya 'yar shekara 14, Luisa Calderón, lokacin yana gwamnan tsibirin Trinidad, kafin a sake shari'ar ya kuɓuta. Shi yana da marmara. Kuratan da suka faɗi tare da shi kuwa, a jaridar gwamnati da ta buga sakamakon yaƙin an jera hafsoshi da sunayensu, su kuma aka ba da jimillarsu, daga gefe aka ba da jimillar dawakai. Ko a cocin garin Waterloo ɗin kansa, allunan da ke bango yawancinsu na hafsoshi ne.

Amma kada mu yi saurin tafa wa sarkin Furusiya. Allo yana rubutawa, yana kuma bari. Dokar ta shafi waɗanda suka mutu suna yaƙar Napoliyon ne. Waɗanda aka tura Rasha a 1812 su taya shi, da umarnin wannan sarkin dai, ba su ne aka yi dominsu ba. Yana yiwuwa a gida ɗaya wa ya mutu a 1812, ƙane ya mutu a 1813, ciki ɗaya, nono ɗaya, amma ɗaya ne a bango. Uwar ba ta bambanta su ba. Siyasa ce ta bambanta.

A Bavariya, kudancin Jamus, abin ya fi muni. Ita ƙawar Napoliyon ce sosai, shi ya ɗaga ta ta zama masarauta a 1806, kuma 'ya'yanta kimanin 30,000 ne suka halaka a tafiyar Rasha. Ranar 8 ga Oktoba 1813, kwana takwas kafin Leipzig, ta sauya sheƙa. To yaya za a yi da mutum 30,000 da suka mutu a ɓangaren da yanzu ake kira maƙiyi? Sai da aka shekara 20. A 1833 Sarki Ludwig na Ɗaya ya kafa musu dogon ginshiƙi a birnin Munich, aka rubuta a jiki cewa su ma sun mutu ne don 'yantar da ƙasa. Ba haka aka yi ba, kowa ya sani. Amma mamaci ba ya musu. Allunan da ke coci-cocin ƙauyukan Bavariya sun fi ginshiƙin gaskiya, don da yawansu abin da suka ce kawai shi ne wane ɗan wane ya tafi Rasha, can ya tsaya.

Wasu daga cikin irin waɗannan an gan su a ƙarshe. A 2001 ma'aikatan gini a Vilnius, babban birnin Lithuania, suka ci karo da wani rami mai ɗauke da ƙasusuwan mutum fiye da 3,000, ragowar rundunar Napoliyon da suka iso garin a Disamba 1812 suka mutu da sanyi da yunwa da cuta. Yawancinsu samari ne, akwai mata kaɗan a ciki. A 2003 aka sake binne su a maƙabartar garin, ba suna.

Mata fa? Allon ba shi da layinsu. A 1813 Gimbiya Marianne ta yi kira ga matan Furusiya su ba da gwala-gwalansu don kuɗin yaƙi, aka riƙa ba su zobe da sarƙar baƙin ƙarfe a madadi, har sa ƙarfen ya zama abin alfahari. Mu da muka san abin da 'yan kunnen gwal suke a wurin mace, ajiyar ranar baƙin ciki, mun san ba ƙaramar kyauta aka yi ba. Matan da suka yi jinyar sojoji annoba ta kashe su, su ma ba domin su aka yi allon ba. Wadda tarihi ya riƙe sunanta sosai ita ce Eleonore Prochaska, 'yar aikin gida daga Potsdam, wadda ta yi shigar maza ta shiga soja da sunan August Renz. Sai da aka harbe ta a Göhrde ranar 16 ga Satumba 1813 aka gane mace ce. Ta rasu ranar 5 ga Oktoba tana da shekara 28. Wato sai da ta ari sunan namiji kafin a tuna da nata.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma a nan nake son jin ra'ayinki. Ba uwa kaɗai ke kallon allon nan ranar Lahadi ba. Jikanta ma yana zaune a gefenta. Yaro ɗan shekara bakwai, huɗuba ta yi tsawo, idonsa na yawo a bango, da sunayen nan yake koyon haɗa baƙi. Kowane mako allon na gaya masa cewa ga hanyar da ɗan talaka ke bi sunansa ya hau bango. Ba a rubuta wanda gudawa ta kashe a bakin hanya ba, ba a rubuta wanda ya mutu yana kiran uwarsa ba. An ce dukkansu saboda sarki da ƙasa suka mutu, alhali ba wanda ya tambaye su. A 1814 aikin soja ya zama dole a kan kowane namiji a Furusiya. Bayan yaƙe-yaƙen 1864 da 1866 da 1870 zuwa 1871, Sarki Wilhelm na Ɗaya, ɗan wancan sarkin, ya ba da umarni a 1873 a rataye sababbin alluna. Bayan 1918 bango ya kasa ɗauka, sunayen suka fita waje kan duwatsu a dandalin ƙauye. Bayan 1945 coci-coci da yawa suka sauke tsofaffin allunan suka kai su ɗakin ajiya ko cikin hasumiya, don Jamusawa sun ga inda wannan tarbiyya ta kai su. Yau wasu ana gyara su ana mayarwa, wasu jama'ar kuma suna gardama ko ya dace su zauna a wurin ibada.

Ni ina ganin duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma ba na jin akwai hanyar raba su. Abin da ya share hawayen kaka shi ne ya yi wa jika kwalliyar mutuwa. In da ni ce mai hukunci, da na bar sunayen na goge layin sama.

Wannan al'ada ta rubuta kowane soja da sunansa ta iso kanmu, amma a karkace. A 1917 Ingila ta kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, bisa ƙa'idar cewa kowane mamaci za a rubuta sunansa, ba bambanci tsakanin janar da kurtu. Kakanninmu sun yi wa Ingila wannan yaƙin, a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Gabashin Afirka, kuma Hausa ce harshen bariki. A Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gold Coast, Ghana ta yau, wanda a 1923 ya nuna cewa wai baƙar fata ba zai san darajar dutsen kabari ba. Ministan tsaron Birtaniya ya nemi gafara a gaban majalisa. Abin da ɗan manomin Jamus ya samu a 1813, ɗan manominmu bai samu ba bayan shekara ɗari.

Na san a cikin masu karanta wannan fili akwai Musulmi da Kirista, kuma da yawanmu ba mu saba da rubutu ko ado a kan kabari ba, muna da dalilanmu na addini. Allon da nake magana ba a kan kabari yake ba, kuma ba cewa nake mu kwaikwayi Jamusawa ba. Na san kuma akwai masu karantawa daga bariki, akwai wadda ɗanta ko mijinta ke daji yanzu haka, wayarta ba ta barin hannunta, akwai wadda nata ya fita shekaru ke nan ba gawa ba labari. Ku kun fi ni sanin abin da tsohuwar nan ke nema a bango.

Wadda a gidansu aka yi tsohon sojan Bama, ko wanda ya tafi bai dawo ba, ta gaya mana a ƙasa: wa ke riƙe da cikakken sunansa yanzu, a takarda yake ko a bakin wata tsohuwa, kuma me kuke gaya wa yara idan suka tambayi yadda ya mutu?